Wani kwalliya ya sha

Daren jiya aka turo min faifan. Wani ya miƙe a taro, ya gyara zaman hula, ya ce wai shi sawun Senghor, marubucin waƙoƙin nan da ya zama shugaban ƙasar Senegal na farko, yake bi, daga alƙalami zuwa majalisa, wai kuma masu ƙorafi a kansa 'yan baƙin ciki ne da rubutu bai karɓe su ba. Aka tafa masa. Ni ban kama suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Tunda an ɗauko Senghor, to a ɗauko shi gaba ɗaya.

A 1945 Lamine Guèye, jigon siyasar Senegal a zamanin mulkin mallakar Faransa, ya jawo shi takarar majalisar dokokin Faransa, shekarar da kundin waƙoƙinsa na farko ya fito. A lokacin mutanen birane huɗu, Dakar da Gorée da Rufisque da Saint-Louis, su ne 'yan ƙasa masu cikakken 'yanci, sauran kuwa talakawan Bature ne kawai. Kujerar waɗannan talakawa ita ya hau. Mutumin da ya koya wa 'ya'yan Faransawa yarensu a cikin ƙasarsu, ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Jamusawa daga 1940 zuwa 1942, bai ce ya fi ƙarfin tabarmar manoman gyaɗa ba. A 1948 ya raba gari da Guèye, shi da Mamadou Dia suka kafa jam'iyyar BDS, suka bi ƙauye ƙauye. Zaɓen 1951 na zuwa suka kayar da uban gidan nasa. Kirista ne ɗan ƙabilar Serer a ƙasar da Musulmi suka fi yawa, amma sai da shehunnan ɗariƙar Muridiyya suka mara masa baya, don ya je ya gaishe su, ya saurari kukan almajiransu kan farashin gyaɗa.

Senghor ƙura ya sha. Wani kuwa kwalliya ya sha.

Wane ƙauye aka shiga? Unguwar da aka haifi mutum ma sai da gilashin mota a rufe ake wuce ta. Fosta ta fi littattafan yawa, littattafan kuma biyu ne, ɗayan ma kowa ya san hannun da ya gyara shi.

Eh, zan faɗa, don na gaji da haɗiyewa. Wa ya kwana uku bai runtsa ba yana bin rubutun nan layi layi? Wa ya rubuta jawabin da aka karanta ranar ƙaddamarwa har aka ce an yi fasaha? Ko kwabo ban karɓa ba, sunana ma ban nemi a sa ba. Yau ni ne ɗan baƙin ciki? Baƙin cikin me? Na kujerar da ba a kai ga hawa ba? Wallahi abin ya yi min ciwo, ba kuma zan ɓoye ba. Da bare ne ya faɗa da ban tanka ba.

Shi ƙura ya sha, na sake faɗa, wani kwalliya ya sha, har da turare.

Abu ɗaya ne na ga an kwaikwaya daidai. A Disambar 1962 Senghor ya sa aka kama Mamadou Dia, abokin da suka gina jam'iyya tare, aka kai shi kurkukun Kédougou, bai fito ba sai 1974. Ina ƙaunar waƙoƙin mutumin nan, amma wannan tabo har gobe ban wanke masa ba. To duk tarihinsa, wannan shafin kaɗai wani ya haddace: yada wanda ya riƙe maka tsani. Shi ma ɗin sai da ya zama shugaban ƙasa ya yi, wani ko fam ɗin takara bai gama cikewa ba.

Kuma a ƙarshen 1980 Senghor da kansa ya sauka ya miƙa wa firaministansa Abdou Diouf mulki. Wani shugabancin ƙungiyar marubuta ta mutum ashirin, shekara nawa ke nan ana roƙonsa ya kira zaɓe?

Daftarin farko yana nan a wurina, da jan birona a kowane shafi. A sake kirana ɗan baƙin ciki a gaban jama'a, a ga ko ba zan ɗora hoton daftarin a nan ba.