Fansho haƙƙi ne, ba sadaka ba

A duk lokacin da aka sanar da sabon zagayen tantance 'yan fansho, abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne wani dattijo da na gani a ƙofar wani ofishi a nan Sakkwato, cikin zafin watan Afrilu, yana zaune a ƙasa a inuwar dogon yaro, rungume da ledar takardunsa. Tsohon malamin firamare ne da ya yi shekara 35 yana koyarwa, ya taso daga ƙauye tun asuba domin ya tabbatar wa hukuma cewa yana raye. Da ya matsa kusa da taga, wani matashi da bai wuce sa'ar jikansa ba ya ce masa, "Baba, a koma layi," ko ɗaga kai bai yi ba.

Masu kare wannan tsari suna cewa ana yin sa ne don kawar da 'yan fansho na bogi, kamar dai tsoho mai ciwon gwiwa ne ya cusa sunayen matattu cikin takardar biyan kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da ke ƙarƙashin wannan wulaƙanci, wato ɗaukar fansho a matsayin alheri da mai mulki yake yi idan ya ga dama. Shi ya sa ake buga ganga duk ranar da aka biya wani ɓangare na bashin garatuti, har a sa dattawa su fito suna godiya a kan kuɗin guminsu. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe haƙƙin ma'aikacin jiha da ya yi ritaya ko a rage shi ba bisa doka ba, ya kuma wajabta a sake duba fansho duk shekara biyar, ko lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma ka tambayi tsofaffin unguwarku nawa ne ke shiga hannunsu, sannan ka tambayi kuɗin maganin hawan jini na wata guda.

Akwai kuma masu cewa mu ba mu buƙatar doka kan kula da tsofaffi, addini da al'ada sun isa. Gaskiya ne Alƙur'ani, a Suratul Isra'i, ya hana ko da cewa "uf" ga iyaye, kuma a garin Shehu ba wanda zai yi jayayya da wannan. To amma tsohuwar da 'ya'yanta suka rasu, ko manomin da bai taɓa aikin gwamnati ba kuma 'yan bindiga suka koro shi daga gabashin jihar, wurin wa za su kai ƙara? Sashe na 16 na Kundin Tsarin Mulki ya ambaci kula da tsofaffi, sai dai yana cikin babin da kotu ba ta iya tilasta aiki da shi. Cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa dokarta hannu a 2018, tana can Abuja, kuma tsohon da ke Isa ko Tangaza da wuya ya taɓa jin sunanta.

Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin doka da za ta ɗaure hukuma ta biya fansho a kan lokaci, ta kuma sa jami'ai su riƙa bin marasa lafiya gida idan tantancewar ta zama dole. Motocin da ke kai kayan kamfe kowane lungu a lokacin zaɓe sun san hanyar waɗannan ƙauyuka sarai.