Janja da 'yan matanmu na Kapsiki

Na ji daɗin labarin da kuka kawo mana kan nasarorin Janja Garnbret, 'yar Sloveniya da ta ci zinaren hawan dutse a Olamfik na Tokyo a 2021, ta sake ci a Faris a 2024. Sai dai kun tsaya kan lambobin yabo, kun tsallake abin da ita kanta ta fito ta yi magana a kai: 'yan wasa masu ƙin cin abinci don kada jiki ya yi nauyi a bangon da ake hawa a gasar. Mace in ta yi haka al'adarta kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Wallahi abin ya dame ni.

Mu nan arewacin Kamaru duwatsu ba su yi mana kaɗan ba, ga Mindif kusa da Marwa, ga Rumsiki. Yarinya 'yar ƙabilar Kapsiki tana haura gangara da tulu a ka, da silifas kawai, amma ta ce za ta ɗaura igiya ta shiga gasa, a gida za a fara cewa "mace da hawan dutse?" Masu kula da wasanni su gina mana bangon koyo ko ɗaya a Marwa, a ware wa mata ranarsu, da mai koyarwa mace.