Ku bar yaro ya tsara katinsa, fakitin rufe ne abin tsoro

Iyaye 'yan uwana na Jidda da Makka, ina da magana kan katin nan na Yu-Gi-Oh da yaranmu suka duƙufa a kansa, wanda suke ce wa Yugi, wasan da mutum biyu ke karawa da kati masu hoton dodanni. Na san gidan da uba ya kwashe katin kaf ya zuba a shara, na kuma san gidan da kullum ake miƙa wa yaro riyal biyar ya ruga bakala, wato kantin unguwa, ya sayo fakiti. Ni duka biyun ba su kwanta mini ba.

Tsoron da iyaye ke ji yana da tushe. A 2001 malaman ƙasar nan ta Saudiyya sun ba da fatawa kan katin Pokémon, wani wasan makamancin wannan, kuma cikin dalilansu akwai kamanninsa da caca. Ban fi ƙarfin malamai ba, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je ya tambaya. Abin da nake roƙo shi ne mu duba inda cacar take shigowa, domin akwai wasan, akwai kuma cinikin da ke kewaye da shi.

Ɗan yayata shekararsa takwas. Dokar wasan ta ce tarin katin da za ka shiga da shi, wato dek, kada ya gaza 40, kada ya wuce 60, kuma kati iri ɗaya kada ya haura uku. Da farko yaron nan sai da ya cika 60 cif, duk dodon da ya gani mai manyan lambobi ya cusa shi ciki. Yaran unguwa suka yi ta lallasa shi. Zai ɗebi biyar ɗin farko ya tarar duk manyan dodanni ne, alhali babba ba ya sauka fili sai an sadaukar da ƙarami ɗaya ko biyu, shi kuwa ba shi da ƙananan. Rannan bayan la'asar ya baje katin a kan darduma, ya ware su kashi-kashi, dodanni daban, na taimako daban, na tarko daban. Ya ɗauki wani mai ƙyalli da ya fi so, ya jima yana juya shi a hannu, sannan ya ce mini, "Kawu, wannan kyau kawai gare shi, ba ya taimakon sauran." Ya ajiye shi gefe da kansa.

Wallahi abin ya burge ni. Yaron da sai an yi da gaske yake zama kan darasin lissafi, ga shi ya gano cewa rage kati ƙara ƙarfi ne. Kuma gaskiyarsa. Idan kana da kati uku iri ɗaya cikin 40, damar ɗaya ya zo maka a biyar ɗin farko ta kai kusan ɗaya bisa uku. Cikin 60 kuwa ba ta kai ɗaya bisa huɗu ba. Bai san sunan wannan ilimi ba, amma hannunsa ya sani. Ga lissafin maki 8000 da kowa ke farawa da su, yana ragewa da ka. Ga rubutun Turanci ƙanana a jikin kati, yana bi kalma-kalma don kada a cuce shi. Ga koyon shan kaye gaban mutum ido da ido ba tare da kuka ba, abin da waya ba ta koyarwa.

Fakitin rufe shi ne inda nake ja. Ka ba da kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, ka yage leda gabanka na faɗuwa, ba ka samu ba, gobe ka koma. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Yaron da ya saba da wannan faɗuwar gaba tun yana ƙarami, ina jiye masa ranar da zai riƙe kuɗin kansa. Ga shi da yawan na arahar nan jabu ne, ba Konami, kamfanin da ke yin na asali, ta buga su ba, fentin ma gogewa yake. Ɗaya abin shi ne wasan da yara ke ƙirƙira wa kansu, wanda ya ci ya kwashe katin ɗan uwansa. Wannan ba ya cikin dokar wasan, kuma caca ce tsagwaronta, a hana ta kai tsaye.

Abin da muka tsayar ni da yayata shi ne, a saya wa yaron dek ɗin da kamfani ya riga ya haɗa, wanda an san kowane kati da ke ciki. In yana son ƙari, ya faɗi sunan katin da dalilinsa, a nemo shi shi kaɗai. Musaya da abokai sai da babba a wurin, don kada ɗan shekara sha biyu ya wanke ɗan takwas. Da an kira salla ko lokacin tahfiz ya yi, kati ya koma kwalinsa. In kuna da hali ku zauna ya koya muku wasan, ku kuma tambaye shi dalilin kowane kati da ya zaɓa.