Aljani Mai Eriya Biyu

Ranar wata Asabar aka kira ni wani kamfanin ruwan roba a Sharaɗa, wai allon injin cika kwalabe ya haukace. Yana nuna lissafi lafiya lau, can sai gurbin lambobin ya cike da ####, jim kaɗan ya dawo kamar ba shi ba. Kafin in iso har an yi wa ɗakin hayaƙin habbatus sauda, Manaja kuma ya riga ya yanke hukunci cewa aikin wani maƙwabcin kamfani ne.

Ƙwaƙwalwar injin PLC ce ta Siemens, S7-1200. Wanda ya haɗa ta ya bar mata adireshin da manhajar TIA Portal, wadda ake tsara PLC da ita, ke bayarwa tun farko, 192.168.0.1, allon kuma 192.168.0.2. Na jona laftof ɗina, na ba ta 192.168.0.50 da mas 255.255.255.0, wato lambar da ke nuna inda sunan layi ya tsaya. Ga wanda bai san harkar ba, lambobi ukun farko sunan layi ne, ta ƙarshe lambar gida. Dole kowa ya zauna a layi ɗaya, amma gida biyu ba sa cin lamba ɗaya.

Na yi wa adireshin PLC ping, wato sallamar da kwamfuta ke yi don jin ko akwai mai amsawa, aka amsa tsaf. Na ce TIA ta shiga, ta ƙi. Na sake ping, aka sake amsawa da fara'a. Manaja yana tsaye a kaina yana cewa, "Injiniya, ka gani ko? Ai na faɗa maka ba na asibiti ba ne."

Sai na buɗe burauza na rubuta adireshin. Maimakon shafin Siemens, sai ga shafi yana tambayata kalmar sirrin wayfai. Na buga arp -a don ganin lambar MAC ta mai amsawar, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita, na gwada ta da wadda ke rubuce a jikin PLC. Ko kusa. Wani ne daban ke amsa sallamar.

Na bi wayoyin suwic, akwatin da na'urorin ke haɗuwa a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Duk korra ne na masana'anta, sai wata shuɗiya siririya da ta haura silin. Na ari tsani na bi ta cikin yanar gizo-gizo da kashin ɓera, farar rigata ta koma kalar siminti. Wayar ta sauka a ofishin Alhaji mai kamfanin, bayan firji, a jikin wata rauta, na'urar wayfai, mai eriya biyu. Ɗan Alhaji ne ya sa ta don kallon ƙwallo, kuma ita ma daga kwali 192.168.0.1 take zuwa da shi. Duk sa'ad da ya kunna soket, allon ya rasa wa zai saurara.

Na zare shuɗiyar waya, na mai da rautar 192.168.10.1, allo ya nutsu. Alhaji ya saurari bayanin layi da gida yana gyaɗa kai, sannan ya miƙo mini wayarsa ta hannu.

"To ni lamba nawa aka ba ni?"

Na duba. "Ɗari da huɗu, ranka ya daɗe."

"A kamfanina? Wa ke da ɗaya?"

Na nuna masa bayan firji.

Ya kira Manaja ya ce kada a sallame ni sai an gyara wannan ma.