Ba China kaɗai ta rufe mana masaƙu ba

Wani marubuci ya ce karya darajar kuɗin China da gangan ne ya kashe ayyukan masana'antunmu. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ya bar jaki yana dukan taiki. Daga 2005 zuwa 2014 yuan, wato kuɗin China, ƙara daraja ya yi, daga wajen 8 a dala zuwa kusan 6, amma a daidai lokacin ne atamfar China ta cika kasuwar Balogun a Legas da Kantin Kwari a Kano, masaƙun Kaduna kuwa suna ta rufewa. Ni ɗan canji ne a Agege da ke Legas, da idona na ga yadda masu hanya ke samun dala a farashin gwamnati su kawo mana kasuwa su ci riba a zaune, mai masana'anta a Ikeja kuma yana layin banki wata da watanni don ya shigo da kayan gyaran inji. Ga dizal, ga rashin wuta, ga kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kai kuma mai cewa faɗuwar naira za ta sa mu riƙa fitar da kaya waje, Allah ya ba ka haƙuri: bayan da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya saki naira a Yunin 2023 don kasuwa ta ƙayyade farashinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, ga kuma kamfanin P&G mai yin Pampers da Ariel ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya. Ƙanena ma sallamarsa aka yi daga wani kamfanin robobi. To wane kayan za mu fitar, alhali sinadaran da ake sarrafawa ma da dala ake sayo su?