Ba dole sai .com ba

'Yan kasuwa da yawa sun ɗauka shafin intanet bai cika ba sai sunansa ya ƙare da .com, wai .ng na gwamnati ne. Ba haka ba ne. Na gwamnati shi ne .gov.ng, amma .ng da .com.ng, waɗanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen shafukan intanet ta Najeriya, ke kula da su, kowane mai sana'a na iya yin rajistarsu.

Mai atamfa a Kantin Kwari, in masu sayensa 'yan Najeriya ne, .com.ng ta ishe shi. Google na ɗaukar ta alamar cewa shafin na Najeriya ne, kuma kuɗin sabuntawarta na shekara-shekara da naira ake yanka shi, na .com kuwa dala yake bi. Wanda kayansa ke zuwa Yamai da Akara, .com ta fi masa.