Kwamfuta ta ce a yi fomat, kai ma ka ce to

Wai har yanzu akwai masu kare yaron nan na shagon gyara a Garwa? Ya yi wa diskin wani mai hoto fomat, ya share masa aikin bikin mutane kaf, ku kuna ta cewa ai kwamfuta ce ta ce a yi fomat. Madalla da biyayya. Gobe in ta ce ya faɗa kogin Binuwai, sai ya tuɓe takalmi.

Diskin nan lafiyarsa ƙalau. A kan Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, aka tsara shi da ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, ita kuwa Windows ba ta iya karanta ext4 da kanta. Duk abin da ta kasa karantawa sai ta nemi a yi masa fomat. Ba ta gane shi ba ne, jama'a, ba ta gane ba! Da ya tayar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filashi, ko girkawa bai yi ba, da hotunan sun fito reras.

Wani ya ce min ai yaro ne, koyo yake. Da diskin babansa zai koya.

Ku ma 'yan Linux ku rage dariya. Tun Windows 8 a 2012 akwai Fast Startup: ka kashe kwamfuta, ashe gyangyaɗi take yi. Shi ya sa, a kwamfuta mai Windows da Linux tare, Linux kan buɗe ɓangaren NTFS, wato tsarin ajiye fayil na Windows, don karatu kaɗai, ta hana ka rubutu. Kare ka take yi. Kai kuma ka tilasta mata, Windows ta farka da tsohon lissafinta, ta hargitsa abin da ka ajiye. Ciwon ɗaya ne: na'ura ta tsaya, mutum ya ƙi tsayawa.

Diskin da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac da Linux, a sa masa exFAT, tsarin da dukkansu ke karantawa kuma su yi rubutu a kai. FAT32, tsohon tsarin, ba ta ɗaukar fayil da ya wuce 4GB, Mac kuwa tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai.

Malam mai hoto, wallahi abin ya taɓa ni. Don Allah kar ka ƙara ajiye komai a diskin. In fomat na gaggawa ne, PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, kan ceto da yawa.